Idan kana zargin ƙaninka ya fara shan tramol ko Red, ga yadda zaka bi da shi

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Maganar ƙwaya yanzu ta wuce ɓoye-ɓoye, a nan Kumasi daga Aboabo zuwa Asawase, Sawaba, Alabar har Tafo Zango kowa ya san gidan da ake fama da yaro ko yarinya, wani ma a cikin gidansu ne. Abinda ke ci min rai shine mutanen gida su ne na ƙarshen sani, kuma ranar da suka sani ɗin sai a yi abinda zai ƙara dagula lamarin, a yi duka, a kore shi, ko a ɗaure shi a kai wani wuri a ce ana masa magani. To wannan rubutun na yayye ne da iyaye mata musamman, tunda su ke wanke kaya, su ke ba da kuɗin koko da safe, su ne zasu fara gani in sun san abinda zasu duba.

Ka fara sanin me ake sha tukun, don ba duka ne ɗaya ba, kuma ba hanya ɗaya ake bi da su ba.

Tramol shine babba. Asalinsa maganin ciwo ne na gaskiya, likita na rubuta shi bayan tiyata ko karaya, dangin su mofin ne. Wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta yarda da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, kuma ko a asibiti ba a wuce 400 a yini guda ga babban mutum. Wanda ke yawo a tasha da lungu kuwa 120 ne, 225, 250, ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, kaga kenan ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta haura abinda likita zai yarda a sha daga safe zuwa dare, amma akwai yaran da zasu watsa fiye da haka cikin kwalbar lemon ƙara kuzari su girgiza su shanye kafin su hau pragiya, wato keken haya mai ƙafa uku. Tun 2018 gwamnati ta tsaurara doka a kansa, ta kuma hana shigowa da sayar da maganin tari mai kodin, sai dai kasuwar bata mutu ba, kaya kawai ta sauya.

Sabon kayan shine Red. Mutane da yawa sun ɗauka tramol ne aka sake ma launi, ba haka bane. Yawanci haɗi ne na magani biyu, tapentadol wanda ya fi tramol ƙarfi, da carisoprodol mai sakin tsokar jiki wanda Turai suka janye daga kasuwa saboda yadda yake kama mutum. Binciken da BBC ta fitar a Fabrairun 2025 ya bi sawun ƙwayar daga Tamale har wani kamfani a Mumbai ta Indiya, da sunaye irinsu Tafrodol da Super Royal-225 a jikin kwalin, babu ƙasar da ta ba wannan haɗin lasisi, kuma bayan fitar binciken Indiya ta haramta haɗa shi. Shi ke sa kaga saurayi tsaye a bakin titi ya lanƙwashe, kai ya kusa kai gwiwa, hannu na lilo, yawu na zuba, bai faɗi ba kuma bai farka ba, yara sun zagaye shi suna ɗaukar bidiyo na TikTok. Dan Allah in kaga haka ka kore yaran, wannan mutumin numfashinsa ne ke raguwa.

Sauran zan wuce su da sauri. Siro mai kodin har yanzu ana samunsa a ɓoye, ana juye shi cikin kwalbar lemo don kar a gane, 'yan mata da matan aure ma suna ciki, yana kawo barci da taurin bayan gida da ruɓewar haƙora. Akwai ƙwayoyin barci irinsu Valium da Rohypnol, mai shansu harshensa na nauyi, yana tangaɗi, gobe ka tambaye shi abinda ya yi jiya wallahi bai sani ba, wani har harshensa kan yi shuɗi. Wiwi kowa ya san warinta, jan ido, cin abinci kamar ba gobe, dariya ba dalili, amma haɗarinta na gaske ga wanda ya fara tun yana ƙarami ne ko wanda akwai taɓin hankali a danginsu, sai ya fara cewa ana bin sa, ana maganarsa a rediyo. Shisha kuma da ake ɗauka ƙamshi ne kawai, taba ce, ruwan nan baya tace komai, ga hayaƙin gawayi a kai, wasu wuraren ma har wiwi ake cusawa ciki. Sholisho na ƙananan yara ne galibi, zaka ji warin gam a rigarsu da ƙuraje a gefen baki da hanci, kuma yana iya tsayar da zuciya nan take ko a shaƙar farko. Abinda ya fi kashewa cikin duk wannan shine haɗawa, tramol ko Red a kan giya irin su akpeteshi ko bitas, ko ƙwayar barci, kowanne na danne numfashi, in suka haɗu mutum sai ya kwanta bai tashi ba.

To yaya zaka gane a gida? Kar ka kama alama ɗaya ka yanke hukunci, yaro mai shekara 17 yana iya rufe ƙofa ya yi fushi ba tare da ya sha komai ba. Taruwar alamu kake nema. Mai shan tramol ko Red yana yawan susa, hanci, wuya, hannu, zaka gan shi zaune a bes, wato majalisar samari, ana zuba ataya shi yana ta sosa fuska yana lumshe ido tsakiyar magana. Abinci ya ragu, tuwon da yake cinye malmala biyu yanzu rabi ma sai an yi da gaske, yana ramewa, yana daɗewa a bayi saboda ciki ya ƙulle, yana gumi ko da sanyin safe. Ka kalli idonsa a cikin ɗaki mai ɗan duhu, baƙin tsakiyar ya kamata ya buɗe, in kaga ya tsuke kamar kan allura to akwai magana. Sai kuɗi, momo, wato kuɗin da ake turowa ta waya, baya kwana, mai pragiyar da yake tuƙawa ya fara zuwa gida yana cewa kwana uku ba a kawo masa kuɗinsa ba, caja ta ɓata, atamfar Mma ta ɓata, waya yau akwai gobe wai an sace.

Mma, in kina wanki ki juya aljihu. Abinda zaki samu ba ƙwayar bace, fankon ledar azurfan nan ne da aka ɓalle, sau da yawa an yanka shi biyu-biyu ko ɗaiɗai da reza don a haka ake sayarwa, ki duba bayansa zaki ga lamba, 120 ko 225. Ƙarƙashin kujerar babur, cikin safa, bayan murfin waya, saman ƙofar bayi. Ki ajiye fankon kar ki yar, zai yi amfani a asibiti.

Akwai wata alama da ke ruɗar gidaje sosai kuma ita nafi so a riƙe. Yaro ya tashi da safe da ciwon jiki, hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, hawaye, tsigar jiki na tashi, gudawa, ƙafa bata zama wuri ɗaya, kowa yace maleriya ce, a aika kemis a siyo magani. Sai ya ce bari ya ɗan fita, bayan awa ɗaya ya dawo garau yana raha har yana neman waakye. Maleriya bata warkewa a awa ɗaya. Jikinsa ne ya nemi ƙwayar ya je ya ba shi. In wannan ya maimaitu, musamman ranakun da ba kuɗi a hannunsa, to ba sabon shiga bane, jiki ya riga ya saba.

Yanzu ka tabbatar, sai magana. Kar ka yi ta lokacin da yake cikin maye, ba zai riƙe ko kalma ɗaya ba, kar kuma ka yi ta a tsakar gida gaban 'yan haya da ƙanne, a gidajenmu na Zango in ɗaki ɗaya ya ji to layi ya ji, kuma yaron da aka kunyata ya riga ya samu hujjar komawa wurin waɗanda basa kunyata shi. Ka ce ya raka ka wani wuri, ko bayan Isha'i ku tsaya a hanya. Mutum ɗaya ya yi maganar, wanda yake jin nauyinsa amma baya tsoronsa, wani gidan yaya ne, wani kawu, wani malamin makarantar allonsu na da. Ka faɗi abinda ka gani kawai, misali "Ƙanina, na ga fanko a aljihun wandonka, ban kai maganar gun Baba ba, ba kuma faɗa na kira ka in maka ba. Tun yaushe, kuma guda nawa a rana?" Amsar farko kusan kullum ita ce "Yaya wallahi ba nawa bane, ajiya aka bani." Kar ka tsaya musu, kar ka ce ya rantse da Alƙur'ani, zaka sa shi rantsuwar ƙarya ne kawai ka ƙara masa nauyi. Ka ce to naji, amma naga yadda kake tashi da safe, in ka shirya ina nan. Ka sake komawa bayan kwana biyu.

In ya buɗe baki, ka tambayi dalili ka kuma saurara da gaske, don maganin na cikin dalilin. Mai pragiya ko okada zai ce maka sai ya haɗa kuɗin mai abin hawa kafin ya nemi nasa, daga asuba har dare a kan titi. Yaron gareji a Magazin ko mai dakon kaya a kasuwar Kejetia ko wanda ya dawo daga haƙar zinare ta galamse zai ce ciwon baya ne da gajiya. Wani kuma, kuma suna da yawa, don harkar mata ya fara, an ce masa yana sa a daɗe, ba wanda ya gaya masa cewa in aka jima ana sha sha'awar kanta ke mutuwa, ƙarfin ma ya tafi. Wani baƙin ciki ne, ya gama makaranta ba aiki, ko rasuwar uwa, ko bizar da aka ci kuɗinta. Wanda ciwon baya ya kai shi, in baka kai shi an duba bayan ba zai koma. Wanda damuwa ta kai shi haka nan.

Ga inda gidaje da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya, sai a kulle shi a ɗaki a ce daga yau ka daina. Ga wanda ya daɗe yana sha da yawa, yankewa lokaci ɗaya azaba ce ta kusan mako, kwana na biyu da na uku sun fi tsanani, kuma tramol na da nasa na daban, firgici, ruɗewa, wani har gane-gane. Red da ƙwayoyin barci da giya kuwa yanke su farat ɗaya na iya kawo jijjiga, wadda kan iya kisa. Don haka ragewa ake yi a hankali ƙarƙashin likita, ba kai zaka tsara masa ba, ba kuma mai kemis na kwana ba. A nan Kumasi akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye, asibitocin gwamnati na gunduma ma suna da nas-nas na wannan fannin, ka je ka tambaya kai tsaye, ka tafi da katin inshorar lafiyarsa na NHIS da fankon nan da aka ajiye. In abin ya kai a kwantar da shi na wasu watanni, Pantang a Accra da Ankaful kusa da Cape Coast suna da sashen masu fama da shaye-shaye. Nasan kalmar asibitin ƙwaƙwalwa na tsorata mutane, za a ce ɗan gidan wane ya haukace, wa zai ba shi aure. To wanda ake ɗauka a bidiyo yana lanƙwashe a tashar Aboabo fa, shi wa zai ba shi?

Wasu na tsoron in sun kai yaro asibiti za a haɗa shi da 'yan sanda. Likita aikinsa magani ne. Ita kanta dokar ƙwayoyi ta 2020, wadda ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NACOC, ta sassauta ma wanda aka kama da abu don shan kansa, tara ce a kansa maimakon shekarun kurkuku na da, mai sayarwa ne hukuncinsa ke da nauyi.

Addu'a da ruƙiyya da rubutu ba wanda ya hana, a yi, a haɗa da asibiti. Abinda ban yarda da shi ba shine wurin da za a sa ma yaro mari a ƙafa, a hana shi abinci, a yi ta bulala wai ana fitar da shaiɗan. Ɗaure marar lafiya da sarƙa haramun ne a dokar ƙasar nan, kuma wanda jijjiga ta kama yana ɗaure ba mai ceto.

Yanzu abinda ya fi komai gaggawa, ko baka riƙe sauran ba ka riƙe wannan, don watakila ba ƙaninka bane, ɗan maƙwabta ne zai faɗi a gabanka. Faɗuwar iri biyu ce.

Ta farko jijjiga, tramol ya shahara da ita. Ana zaune a bes sai kaga mutum ya sandare ya zube, jiki na karkarwa, kumfa a baki. Nan take wani zai rugo da cokali, wani da albasa, wani da bokitin ruwa, wasu su danne shi. Duk a bari. Kar a sa komai a bakinsa, ba zai haɗiye harshensa ba, cokali haƙori kawai zai karya ko ya toshe masa iska. A janye benci da kurfoti da butar ataya daga kusa da shi, a naɗe riga a sa ƙarƙashin kansa, wani ya duba agogon waya. In ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe, baki na kallon ƙasa don yawu da amai su fita. In ta wuce minti 5, ko ta tsaya ta sake dawowa, ko bai farfaɗo ba, asibiti kai tsaye. Ko ta tsaya da wuri ma a kai shi a ranar, tunda ƙwayar na nan a jikinsa.

Ta biyu ta fi haɗari don shiru take zuwa. Yana kwance kamar mai barci, yana wani irin minshari mai gurgura, numfashi jefi-jefi, leɓe da farce sun yi toka-toka ko shuɗi, jiki ya yi sanyi. Ka kira sunansa da ƙarfi, ka dunƙule hannu ka murza ƙashin tsakiyar ƙirjinsa sosai. In bai motsa ba wannan ba barci bane, kar wanda ya ce a bar shi ya huce zuwa safe, a haka ake wayar gari da gawa. A kira 112, in motar asibiti zata daɗe a tare tasi ko pragiya, a kwantar da shi ta gefe wani ya riƙe kansa. Kar a ɗura masa madara, manja, ruwan gishiri ko kofi, wanda baya hayyacinsa huhu abin ke tafiya. Kar a sa masa yatsa a maƙogwaro. In numfashin ya tsaya ko ya kusa, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa iska ta baki duk bayan daƙiƙa 5, kana ganin ƙirjin na tashi. Da kun isa ku faɗi gaskiyar abinda ya sha, ba lokacin rufa asiri bane, ku nuna fankon. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyin cikin mintuna, amma ƙarfinta na ƙarewa kafin na ƙwayar, don haka in ya farka ya fara masifa wai shi gida zai tafi, kar ku biye masa, yana iya sake suma a hanya.

Bayan an sallamo shi aikin gida ke farawa. Kuɗi a hannu a rage, in abinci ne a siya masa, in kuɗin mota ne a ba shi daidai. Barcinsa zai lalace na makonni, ransa zai riƙa ɓaci ba dalili, wannan duk cikin warkewa ne, Baba ya yi haƙuri da gorin "ɗan ƙwaya" a gaban baƙi. Bes ɗin da yake zama in nan ake sha to sai an sama masa wani wurin zama da wani abin yi, cewa kar ka je kawai bata isa, in kuma aikin ne ke tura shi a zauna da mai abin hawan ko maigidansa a rage awanni. Ranar komawa asibiti wani ya raka shi, kar a ce ai ya warke.

Kuma ka sa a ranka zai iya komawa, da yawa sai sun faɗi sau biyu sau uku kafin su tsaya, ba dalilin kora bane, a koma gun likitan a ci gaba. Amma ka gaya masa wannan da bakinka tun kafin ya fito, ƙarara: bayan makonni ba sha jikinsa ya daina jure yawan da ya saba, adadin da yake sha da yana tafiya aiki lafiya yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. Wanda ya fito daga asibiti ko kurkuku, ko ya daure ya bari saboda azumi ya ce bari ya ɗan taɓa ranar Sallah, shi ya fi kowa shiga haɗari. Makonnin farkon nan kar a bar shi yana kwana shi kaɗai a ɗaki da ƙofa a kulle ta ciki, a cire sakatar in ta kama, kuma wanda ke kwana da shi ya san minsharin nan da na faɗa da lambar da zai kira.